Ranar da Na Je Ba da Haƙuri a Filin Tsere

Shekarar da na bar sayayya a Bangkok na koma Guangzhou, mu Hausawan da ke garin ba mu da yawa, duk mun san ɗakin juna. Nawa yana Dengfeng, a hawa na biyar, kusa da Xiaobei. Aikina wandon jins ne. Sau biyu ko uku a mako nakan hau mota zuwa Xintang, in zaɓi yadi, in yi faɗa da maɗinka a kan aljihu da zif, in dawo a gajiye. A wannan hanyar na fara hango dawakin. Akwai wani fili bayan gonakin ayaba, an kewaye shi da doguwar katanga, amma motar takan hau wata gada da ake ganin cikinsa. Ran nan ina gyangyaɗi, na buɗe ido sai ga doki yana sassarfa ba kowa a kansa, yana jan wani ɗan keke mai taya biyu. Mutum na zaune a cikin keken ya ware ƙafafu, wutsiyar dokin tana neman share masa fuska.

Ni kuwa doki ciwona ne. Kawuna ne yake kula da dawakin wasu 'yan wasan folo a Kano, a bargarsa na tashi, na ɗauki harawa, na kwashe kashi, na sha harbi ba sau ɗaya ba. Don haka a tasha ta gaba na sauka na tako da ƙafa na dawo. Wandunan mutane suka jira ni sai washegari.

Mai gadi ya hana ni shiga, yana ta kaɗa hannu yana cewa meyo, wato babu. Muna cikin haka sai wani mutum ya fito janye da goɗiya akawal, baƙa wuluk. Gajere ne, ƙafafunsa sun ɗan gwame, haƙorinsa na gaba ya karye, da farar hula a kansa. Ya dube ni ya yi mini sallama irin ta Musulmi, a sarari. Na amsa, amma idona yana kan goɗiyar, don na ga tana tausaya wa ƙafarta ta gaba ta hagu. Na nuna masa ƙafar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi wa mai gadin magana, aka buɗe mini ƙofa.

Direban keken doki ne, Musulmi daga can arewa maso yammacin ƙasar, zai yi shekara arba'in. Babu yaren da ya haɗa mu sosai. Yana da Larabcin salla da ɗan Turancin da ya tsinta a wurin wani Bature mai horar da dawaki, ni kuma ina da gaisuwa da godiya da meyo. Ragowar da hannu muke yi, kuma ba mu taɓa rasa abin faɗa ba. Yana tsokanata da lawban, wato maigida, saboda ina sa babbar riga in shiga cikin kashin doki. Ni kuma Malam nake ce masa.

A hankali na gane wasan. Wani attajiri ne ya sayo kekunan da dawakin daga wani fili da aka rufe, ya zo ya kafa nasa. Ranar Lahadi da yamma ake tsere. Sassarfa kawai aka yarda doki ya yi, in ya ɓalle da sukuwa dole direba ya ja shi gefe ya daidaita shi, kafin nan kuwa an wuce shi. Mutane suna cika wurin suna sayen tikiti a kan dokin da zai ci. Ba sa kiranta caca, wai gasar hasashe ce. Ni dai ban taɓa sayen ko ɗaya ba, Allah shi ne shaidata. Kallo nake zuwa, da kuma Malam.

Goɗiyar nan ita ce rayuwarsa. Masifaffiya ce, tana cizo, kuma da ƙafar ta samu matsala har mai ita ya fid da rai. Malam ya karɓe ta. Kusan shekara guda yana tsoma ƙafar a bokitin ƙanƙara, yana murza ta da wani mai mai warin citta, yana zagayawa da ita a ƙasa kamar mai koya wa yaro tafiya. Duk Laraba, in na taso daga Xintang, nakan biya da dabino a aljihu, mu ci mu uku. Daga nan sai ya ja ni mu bi bargar ɗaki-ɗaki yana nuna mini: wannan tari yake, wannan ya ƙi cin abinci tun jiya, wannan kuwa lafiyarsa lau, ɗingishin ƙarya yake don kada a fita da shi. Mu yi ta dariya. A wurina hirar masu doki ce kawai, haka kawuna yake yi wa duk baƙon da ya ga yana son dabba.

Akwai babban tsere na ƙarshen shekarar wasa, kuma don shi Malam yake wannan wahala duka. Saura mako uku a yi shi aka saka goɗiyar a wani ƙaramin tsere don a gwada ta. An kwana ana ruwa, filin ya yi caɓi. Kekuna takwas suka tashi. Da aka zo kwanar ƙarshe Malam ne na biyu, yana ta waje, sai ya hango sarari ta ciki kusa da shinge. Ƙa'ida ita ce ba ka yanko gaban wani sai ka wuce shi sarai, kai da kekenka. Malam bai jira ba. Ya karkato, tayarsa ta gogi ƙafar dokin da ke bayansa, dokin ya firgita ya ɓalle da sukuwa, kekensa ya yi tangal-tangal har direban ya kusa faɗowa. Goɗiyar ta wuce ta zo ta ɗaya. Ina tsaye ina ihu da Hausa a tsakiyar mutanen da ba su san me nake cewa ba, sai jiniya ta yi kuka, aka sauke lambarta daga kan allo.

Ba zan yi masa ƙarya ba, laifinsa ne, da idona na gani. Alƙalan tsere su uku ne, suna zama a wani ɗaki a saman hasumiya da talabijin ɗinsu na maimaita hoto. Suka kira shi da taɓon jikinsa da komai. Bai yi rabin awa ba ya sauko. An mayar da goɗiyar ta ƙarshe, shi kuma an dakatar da shi Lahadi huɗu. Babban tseren ya faɗo a ta uku. Mai goɗiyar ya ce zai ba wani direba ita, wani mai nauyin hannu da bulala wanda ko kusa da ita bai taɓa zuwa ba.

Na same shi a barga yana wanke mata ƙafafu. Ya ɗaga mini yatsu huɗu, sannan ya share tafin hannunsa da ɗayan, wato za su wuce. Na nuna hasumiyar, na nuna ƙirjina, na haɗa hannuwa alamar roƙo. Ya ajiye soso ya kama wuyan hannuna da ƙarfi, ya girgiza kai, ya ce meyo har sau biyu.

A nan na yi kuskuren farko, kuma ban ga alamar kuskure a cikinsa ba. A gidanmu in mutum ya shiga matsala da na gaba da shi, ka ce za ka je ka ba da haƙuri, dole ya ce a bar shi. Kara ce. In ka bar shi ɗin kuwa, ka nuna ba ka da amfani a rayuwarsa. Na ɗauka kunya ce irin tamu. Na fita daga bargar ina jin daɗin kaina, wai zan nuna masa yana da dangi a garin nan.

Muna da wani dattijo, Alhaji mutumin Maraɗi, mai sayen ganyen shayi da takalma. Shi ne babbanmu. Shi ke raba mu in mun yi faɗa, shi ke zuwa wurin masu gida in sun tasa wani a gaba, kuma bai taɓa zuwa roƙo ya dawo hannu rabbana ba. Da na kai masa maganar sai da ya wanke ni tas a kan zuwa wurin caca. Na sunkuyar da kai na sha. Da ya huce ya tambaya ko mutumin yana salla, na ce ba ya fashi.

"To Musulmi na cikin wahala, mu muna zamne?" in ji shi. "Laraba mu tahi. Amma ɗan Kano, ka bar mini magana, na san bakinka."

Ya fito da sabuwar rigar shadda mai aiki wadda bai taɓa sawa ba, da kwalbar turare, da goro ƙwarya guda da wani ya kawo masa daga gida a makon, yana ta yayyafa masa ruwa yana tattalinsa kamar jariri. Wanda bai zauna a garin nan a lokacin ba ba zai san abin da goro yake nufi a wurinmu ba. Na ga goron nan a cikin ƙunshi, na san Alhaji ya ɗauki abin da gaske.

Tafinta muke buƙata. Akwai wata mata da ke aiki a ofishin masu yi mana lodin kaya a Guangyuan West Road, ita ke cika mana takardu, Turancinta ya fi nawa. Madam muke ce mata. Mace ce marar yawan magana. Sau biyu ta tambaye ni ko direban ya san za mu je, na ce mata kunya gare shi. A cikin tasi ta dubi ƙunshin ta ce da mun bar shi a mota. Na fassara wa Alhaji, ya ce ba a zuwa gaban babba hannu na dukan cinya, a ko'ina ne a duniya. Ta mayar da fuskarta taga.

Babban alƙalin wani siririn dattijo ne mai furfura da tabarau, da kwalbar shayinsa a gefe. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana shayi. Alhaji ya fara, ni ina juyawa zuwa Turanci, Madam tana kai wa alƙalin. Ya yi magana mai kyau ƙwarai. Ya ce ba mu zo musu ba, yaronmu ya yi laifi, hukunci daidai ne, amma babba shi ne mai yafiya, a rage masa ko Lahadi biyu don ya samu tseren da ya yi shekara yana wa wahala. Da ya kai ƙarshe ya tura ƙunshin gaban teburin. Ni kuma na sauko daga kujera na durƙusa, na cire hulata na riƙe.

Alƙalin ya miƙe tsaye da sauri, fuskarsa ta yi ja, yana nuna mini kujera. Bai taɓa ƙunshin ba. Ya leƙa ƙofa ya kira wani ma'aikaci, wanda ya shigo da littafi ya zauna a gefe. Ni a haukata na ɗauka alamar nasara ce, an kira wanda zai rubuta sassauci. Sannan alƙalin ya tambaya, a hankali, yaya aka yi muka san direban.

Alhaji ya buɗe baki, na riga shi. A wurinmu, in kana roƙa wa mutum, gwargwadon kusancinku gwargwadon nauyin roƙonka. Ba ka cewa sanin hanya ne. Sai na shiga zuba.

"Ranka ya daɗe, ɗan'uwana ne. Wata bakwai ke nan duk Laraba ina bargarsa. Kwano ɗaya muke ci. Babu dokin da ke gidan nan da bai nuna mini shi ba, mai tari, mai ciwon ƙafa, wanda ya ƙi abinci, duk na san su. Ba ya ɓoye mini komai."

Madam ba ta fassara ba. Ta juyo ta dube ni, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko ina so ta faɗi duka. Haushi ya kama ni, na ga kamar tana raina maganata a gaban mutane. Na ce ta faɗa masa duka, kada ta rage ko kalma. Ta faɗa. Alƙalamin ma'aikacin nan yana ta tafiya.

Alƙalin ya yi tambaya uku ko huɗu. Wa yake buɗe mini ƙofa? Ina zuwa ranar Lahadi? Na ce ban taɓa fashi ba. Ina sayen tikiti? Na ce ni Musulmi ne, haramun ne a wurina. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Abokaina fa, suna saya? Na ce a'a. Ya sake gyaɗa kai, ya yi mana godiya da zuwa, ya raka mu har bakin matakala. Muna shiga tasi ma'aikacin ya biyo mu a guje da ƙunshin, ya ɗora wa Alhaji a cinya.

Sai da muka hau titi Madam ta yi magana. Ta ce a dokar wurin, direba ba ya shigar da baƙo barga, kuma ba ya faɗa wa kowa lafiyar doki ko rashinta, domin wanda ya san dokin da ke tari ranar Laraba ya san inda zai sa kuɗinsa ranar Lahadi. Laifin yanke hanya ƙarami ne, kowane direba yana yi, ya sha hukuncinsa ya dawo. Wannan kuwa shi ne wanda ba a yafewa. Ga shi kuma mun zo da kyauta, mu baƙi 'yan ƙasar waje, a lokacin da hukuma ta sa wa irin waɗannan filaye ido. Ta ce ta so ta rage maganar, amma ma'aikacin yana jin Turanci, ta ga yana rubutu tun kafin ta fassara.

 Na ce wa mai tasi ya juya mu koma filin, ya juya. Mai gadin da ya saba yi mini murmushi ya tare ƙofa, bai ko dubi idona ba. Alhaji bai fito daga motar ba. Muka koma Dengfeng, kuma da ya zage ni a hanya da ya fi mini sauƙi. Da zai shiga ɗakinsa ne kawai ya ce, "Mun ɓata wa bawan Allah."

Kwana uku a jere ina komawa ƙofar nan. Na sa Madam ta rubuta takarda da yarensu, cewa ban taɓa sayen tikiti ba, cewa Malam bai san za mu zo ba, cewa ya hana ni ma. Na ce a shirye nake in dafa Alƙur'ani. Mai gadi ya karɓi takardar ta farko, ta biyu ya ƙi. A rana ta uku wani sabon mai gadi na tarar, na tambaye shi da hannu ina tsohon mai gadin yake, ya ce meyo. Na tsaya a rana da babbar rigata, motoci suna wucewa ana leƙena. A Kano da na san gidan wanda zan je, da wanda zai kai ni, da wanda yake jin nauyinsa. A nan ban san ko sunan alƙalin ba. Abu ɗaya na iya, shi ne roƙo, shi ne kuma ya jawo abin.

Bayan kwana goma aka karɓe lasisin Malam gaba ɗaya, aka ba shi mako guda ya bar ɗakinsa na cikin filin. Irin wannan tseren ba a yin sa a wani wuri kusa, kuma da wannan takarda a bayansa babu bargar da za ta ɗauke shi ko share kashi. Yadda goɗiyar ta yi a babban tseren ban sani ba har yau. An hana ni shiga, shi ma haka.

A masallaci ranar Juma'a na gan shi. Na so in ɓuya a bayan ginshiƙi, ya riga ya hango ni. Ya rungume ni. Daga abin da ya nuna da hannu na gane abin da ya ɗauka: wai direban da ya goga wa taya ne ya kai ƙararsa a kan shigar da ni barga, mu kuma da muka ji sai muka je ceto. Masu share barga sun ba shi labarin baƙaƙen mutane biyu masu manyan riguna, da wanda ya durƙusa. Takardar korar ba ta faɗi wanda ya ba da shaida ba. Ya nuna mini tikitin jirgin ƙasa, ranar Talata da azahar zai koma garinsu.

Na je na roƙi Madam ta raka ni tasha. Na ce mata ba zan bar mutumin nan ya tafi yana zargin wani ba, kuma maganar ta fi ƙarfin hannu, sai da baki. Ta ce za ta zo. Kwana uku ina shirya abin da zan ce, na tsara shi gajere yadda ba zan samu wurin kare kaina ba: ka hana ni, na je, ni na faɗa musu komai da bakina.

Filin gaban tashar ya cika maƙil, mutane zaune a kan buhunansu, rana tana dukan kowa. Muka same shi kusa da layin shiga da jaka ɗaya irin mai ratsin nan ta leda. Da ya ga na zo da tafinta sai fuskarsa ta washe, ashe shi ma yana da maganar da hannu ya kasa ɗauka. Ya kama hannuna da nasa biyu ya fara, ya daɗe yana yi. Madam ta saurara har ya gama, sannan ta juyo, ba ta kalli fuskata ba.

"Ya ce tun yana shekara goma sha biyu yake bin dawakin mutane gari-gari. An zage shi, an kore shi, an yabe shi, amma ba a taɓa samun wanda ya durƙusa a gaban wani saboda shi ba. Ya ce kada ka damu da bai yi amfani ba. Zai gaya wa mahaifiyarsa yana da ɗan'uwa baƙar fata, ta riƙa sa ka a addu'a." Ta ɗan tsaya. "Saura kai. Me zan ce masa?"

Yana riƙe da hannuna, yana murmushi da karyayyen haƙorinsa, yana jira. Maganar tana nan a bakina yadda na tsara ta. Na duba na ga ba shi da aiki, ba shi da goɗiyar, tunanin nan na cewa ya yi ɗan'uwa shi kaɗai ne abin da zai shiga jirgi da shi. Ban sani ba ko tausayinsa ne ya riƙe ni ko tsoron ganin fuskar nan ta canza. Na fi zaton na biyun ne.

"Ki ce masa Allah ya kai shi gida lafiya."

Madam ta jira ko akwai saura. Da ta ga babu, ta faɗa masa. Ya ce amin, ya shafa fuska, ya saɓi jakarsa ya shiga layi. Yana tafiya yana waiwayowa yana ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗaga masa.